Harshen Malama Hauwa

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ranar da wani manomi ya shigo ɗakin haƙori riƙe da ƙwaryar ƙwan zabi, ya durƙusa yana yi mini godiya. Na yi shekaru masu yawa ina aikin jinya kafin in ajiye. An zage ni, an yi mini tsawa, an taɓa ɗaga mini hannu ma, amma ba abin da ya tsorata ni kamar godiyar nan. Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku ji yadda aka yi.

A lokacin ba a fi shekara huɗu ko biyar da ƙirƙiro jihar Jigawa ba. An turo ni wani asibitin gwamnati a Dutse, na kama haya a Yalwawa. Likitan haƙori ɗaya gare mu, Dakta Bashir, ni kuma ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa shi da ita. Ina mataki na bakwai, wato ban daɗe da fita sahun sababbi ba. Sama da ni akwai Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, wadda ita ke raba mana aiki, ita ke hukunta mu. Aikina shi ne in karɓi kati, in dafa kayan aiki, in riƙe wa likita fitila, sannan in sake yi wa marar lafiya bayanin abin da likita ya ce da Hausar da zai gane. Ba hurumina ba ne in rubuta magani, ko da baki in ce wa mutum ya sha kaza. Tun a makaranta aka koya mana wannan.

Farkon damina aka kawo mana Malama Hauwa daga Aujara. Dattijuwa ce, ta haura sittin, mijinta malamin allo ne ya rasu, ita kuma ta ci gaba da karantar da matan aure a cikin gidan. Babban ɗanta, Malam Sale, shi ya rako ta. Ta ce wani ƙurji ne ya fito mata a gefen harshe tun kafin azumi, ya fashe ya ƙi warkewa. Ta ɗauka haƙori ne ke gogarta, a cire mata shi kawai ta koma.

Da ta buɗe baki na haska fitila, sai na ga haƙoranta jajur da goro da furen taba. A gefen hagu na harshen akwai gyambo kamar faɗin ƙwayar gyaɗa, gefunansa sun tashi sun yi fari. Dakta Bashir ya sa safar hannu ya taɓa wajen. Ya daɗe yana taɓawa. Ya shafa ƙarƙashin haɓarta da wuyanta, sannan ya tambaye ta shekara nawa tana sa taba a baki. Ta ce tun tana amarya.

Ya ce sai an yanki ɗan nama kaɗan an aika Kano a duba. Haka tsarin yake: a yi allurar kashe zafi, a ciro abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a jefa a kwalba mai ruwan magani, a rubuta suna, a tura. Sakamako yakan ɗauki mako uku ko fiye. Malam Sale ya gyara zama ya ce, "Likita, in ciwon daji ne fa, mu a wajenmu an ce ba a taɓa shi da ƙarfe. Haukacewa yake yi."

Likita ya ce, "Malam, barinsa ne ke haukata shi. Sai mun san sunan ciwo za mu san abin yi."

Malama ta ɗaga wa ɗanta hannu ya yi shiru, ta ce a yanka.

A cikin makonnin da muke jiran sakamako ne muka yi baƙo. Malam Ilyasu, abokin karatun Dakta Bashir ne, yana koyarwa a sashen harhaɗa magunguna na wata jami'a. Yana zagaya ƙauyuka ne har wajen Garki, yana zama da masu maganin gargajiya, yana tattara ganyaye da saiwoyi yana dannewa a tsakanin tsofaffin jaridu. Ya sauka a wajenmu da azahar, muka ba shi kujera. Na ga sabara a cikin kayansa, da bagaruwa, da ganyen darbejiya, na yi dariya na ce, ashe 'yan boko ma sun dawo gida. Na tambaye shi me yake nema a ciki.

Ya ce, "Sista, jikin mutum yana da masu gadinsa, fararen ƙwayoyin jini. Kullum zagayawa suke, in suka ga wata ƙwayar halitta ta lalace sai su kashe ta tun ba ta yaɗu ba. To ciwon daji wayonsa ke nan, ya san yadda zai sa masu gadin nan barci, ko su wuce ta gabansa ba su gane shi ba. Abin da masu bincike ke nema a irin waɗannan tsirrai shi ne sinadarin da zai tashe su."

Na ce, "An samu?"

Ya ce, "A faranti na gilashi, a ɗakin gwaji, akan ga alamu. Amma faranti daban, mutum daban. Ganye ɗaya sai ki tarar da sinadarai barkatai a cikinsa, ba mu san wanne ke aikin ba, ba mu san nawa za a ba mutum ba. Wani ma in ya yi yawa hanta yake lalatawa. Tafiyar da nisa tukuna."

Ya faɗi wannan duka, na kuma ji da kunnena. Ba zan yi masa ƙarya ba. Amma farkon maganar ne ya zauna mini a rai, ƙarshen ya bi iska.

Sakamako ya zo. Ciwon daji ne. Aka aika wa Malam Sale, suka dawo. Dakta Bashir ya zaunar da su ya yi musu bayani a hankali: ciwon bai yi nisa ba, wuya bai kumbura ba, in aka yi aiki yanzu aka cire ɓangaren harshen da ya kamu akwai kyakkyawan zato. Ya rubuta musu takardar turawa zuwa babban asibiti a Kano, ya sa musu rana, mako biyu gaba.

Malama ba ta tambayi ko za ta rayu ba. Cewa ta yi, "Likita, in an yanke, zan iya karatu?"

Ya ce, "Magana za ta canza, Malama. Wasu haruffan za su yi wuya."

Ta ce to, ta tashi. Malam Sale ya tafi karɓo maganin kurkure baki, ni kuma na rako ta baranda ta zauna a benci. Matar da aka yanki harshenta ba ta ko motsa ba, ga ta jikinta yana ɓari. Ta ce mini, "'Yar nan, shekara arba'in da wani abu ban san komai ba sai wannan karatun. In aka ɗauke harshen, wace ce za ta koma Aujara?"

Tausayi ya kama ni. Na rasa abin da zan ce mata, kuma na kasa yin shiru. Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Yanzu ma har manyan masana suna bincike a kan itatuwanmu na gida. Kwanan nan wani ya zo nan, ya ce akwai ganyayen da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi irin wannan ciwon da kanta."

Ta juyo ta dube ni. "Waɗanne ganyaye?"

Na ce, "Irin su sabara, da bagaruwa, da darbejiya."

Ta maimaita su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗaukar hadda. Na ga fuskarta ta saki, ni ma na ji daɗi. Na koma ciki ina ganin na yi aikin lada. Ban ce mata kada ta je Kano ba. Amma ban ce mata faranti daban mutum daban ba.

Mako bakwai suka wuce. Mu a zatonmu tana Kano, an ma yi aikin, don a lokacin ba waya a hannun kowa, in ka tura marar lafiya sai dai in wani ya dawo ya ba ka labari. Sai ranar Talatar nan, muna tsakiyar cire wa wani haƙori, Malam Sale ya yi sallama da ƙwaryarsa. Ya jira muka gama. Ya durƙusa a gabana, likita yana tsaye yana wanke hannu.

Ya ce, "Sista, Inna ce ta ce in kawo miki wannan, Allah ya saka da alheri. Maganin da kika faɗa mata muna nan muna yi. Safe da yamma take shan sabara da darbejiya, garin bagaruwa kuma tana cusawa a wajen. Kin tsame ta daga wuƙa. Sai dai wata 'yar kaluluwa ta fito mata a ƙarƙashin haɓa, tauri gare ta kamar dutse, ba ta ciwo. Shi ne ta ce in tambaye ki, ko a ƙara yawan ganyen?"

Na ji famfo ya tsaya. Dakta Bashir ya juyo.

Ku da kuka karanta kun san me kaluluwa mai tauri marar ciwo take nufi a wuyan mai irin wannan cuta. Ni ma na sani. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne, na kashe matar nan. Na kashe ta da bakina.

Likita ya ce, "Malam Sale, ba ku je Kano ba?"

"Ai Sista ta ce jiki da kansa zai yaƙe shi."

Likita bai yi mini tsawa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce wa Malam Sale ya jira a waje, ya rufe ƙofa, ya ce in gaya masa kalma da kalma abin da na faɗa. Na faɗa ina kuka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ni na yi mata magana rabin awa, ke kin yi minti ɗaya, taki ta ɗauka. To ke za ki je ki warware. In na aika takarda ba za ta zo ba."

Kafin a tashi aiki Metiron ta kira ni ofis ta miƙo mini takardar neman bahasi. Ga waɗanda ba su sani ba, takarda ce da ake ba ma'aikaci ya rubuta dalilin da zai hana a hukunta shi, kuma tana shiga fayil ɗinsa. Ta ce, "Wa ya ba ki ikon rubuta magani?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ban rubuta ba, hira ce." Ta nuna farar rigata ta ce, "Cikin wannan rigar babu hira." Na karɓi takardar, amma wallahi ba korar nake tsoro ba a lokacin. Tsorona in isa Aujara in tarar na makara.

Washegari da sassafe na bi Malam Sale. An yi ruwa kwana biyu a jere, hanya ta lalace, sau biyu muna sauya mota. Duk tafiyar bai san abin da ke cina ba. Yana ta ba ni labarin gero ya yi kyau bana, ni kuwa ina lissafin kwana arba'in da tara, ina tunanin abin da ciwo ke yi a jikin mutum cikin kwana arba'in da tara.

Mun tarar da ita a rumfar tsakar gida, mata kamar goma sha biyu a zaune da allunansu da littattafansu. Tun daga zaure na ji muryarta ta yi nauyi, kamar mai magana da abu a baki. Ta rame, idanunta sun faɗa. A gefen murhu ga tukunya ta yi baƙi da dafa ganye. Da ta gan ni sai ta washe baki ta ce wa matan, "Ga 'yata da nake ba ku labari." Suka shiga gaishe ni suna sa mini albarka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta sallame su, muka shiga ɗaki. Na roƙe ta ta buɗe baki a bakin ƙofa inda haske yake. Gyambon ya ninka, ya fara wari, garin bagaruwa ya maƙale a cikinsa. Na taɓa wuyanta. Kaluluwar tana nan, ba ta motsi sosai a ƙarƙashin yatsa.

Na durƙusa na ce, "Inna, na zo ne in gaya miki na cuce ki. Abin da na faɗa miki a baranda rabin magana ne. Mutumin da ya zo ya ce a faranti suka ga alama, ba a jikin mutum ba. Ya ce ba su san wane sinadari ba ne, ba su san awonsa ba. Ni na yanke wannan na ba ki abin da zai sanyaya miki rai. Ciwon nan ƙaruwa yake, ya fara sauka wuya."

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ke kin taɓa ganin wanda ganyen nan ya raba shi da wannan ciwo?"

"Ban taɓa ba."

"Wanda wuƙa ta raba fa?"

"Na gani, Inna. Na kuma ga waɗanda aka yi wa bai hana ba."

"Ni a wane ɓangare nake?"

"Ban sani ba. Ranar da likita ya ba ki takarda kin fi kusa da na farko. Yau ban sani ba. Amma in kika zauna, na san inda za a ƙare."

Ta dube ni ta ce, "Yau kam ba daɗin baki kika kawo mini ba." Ta ce ita ma ta ji a jikinta, don ganyen ya hana ta cin abinci, kuma kullum harshen ƙara nauyi yake. Ta ce ta riƙe maganata ne don ita take so ta ji. Sai ta ce za ta je Kano, amma in ba ta kwana uku. Akwai wata ɗalibarta da ya rage mata surori kaɗan ta sauke, tana so ta biya mata da bakinta tun yana nan.

Na so in ce a'a. Kowane kwana a wajena kamar ana zare mini jini ne. Amma na ga in na matsa za ta ce ta fasa gaba ɗaya. Na ce to, da sharaɗin a sauke tukunyar nan yau. Ta kira Malam Sale ta ce ya zubar. Ya tsaya yana kallona, sai a lokacin ya gane abin da ya kawo ni. Bai ce mini komai ba, har na tafi bai sake haɗa ido da ni ba.

Kwana ukun nan ban ci abincin kirki ba. In mota ta tsaya a ƙofar asibiti sai in ce ko saƙon ta fasa ne, ko abin da ya fi haka. Ranar Lahadi da hantsi suka iso. Dakta Bashir ya sake rubuta takarda, Metiron ta ba ni izini in raka su Kano.

Likitan tiyata da ya duba ta ya karanta takardar farko, ya dubi kwanan watan, ya dubi wuyanta, ya ce, "Ina kuka tsaya?" Malama ce ta ce, "Ni na tsaya." Ba ta ambaci sunana ba, a ranar ko bayanta.

Aikin ya fi wanda aka tsara da farko girma. Kusan rabin harshen aka cire, aka kuma buɗe wuya aka kwashe abin da ke ciki. Na zauna a benci tare da Malam Sale tun hantsi har la'asar. Da aka fito da ita da rai, ya juyo ya ce, "Sista, tashi ki yi salla, lokaci ya wuce." Wannan ce maganarsa ta farko gare ni tun Aujara.

Malama ta tashi, ta koma gida. Karatu da baki kam ya tafi, haruffa irin su ra da lam ba sa fita, sai wanda ya saba da ita ke gane zancenta. Amma makarantar ba ta mutu ba. Ɗalibar nan da ta sauke ita ke biyawa, Malama na zaune a gefe da 'yar sanda, in an yi kuskure ta buga tabarma, mai karatu ta koma baya. Ni kuma aka rubuta mini gargaɗi a fayil, aka jinkirta mini ƙarin girma shekara guda. Ban ɗaukaka ƙara ba.

Ta yi shekaru a haka, ina zuwa duba ta duk bayan bikin salla. Wajen shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar ciwon ya dawo mata a wuya, kuma wannan karon ba abin yi. Bayan rasuwarta na tambayi Dakta Bashir, da ta je a ranar farko, da tana nan? Ya ce ba likitan da zai iya rantse mini a kan e ko a'a. Da wannan amsar nake zaune har yau.

Malam Ilyasu ya sake biyowa wani lokaci, na ba shi labari. Ya daɗe riƙe da kansa. Ya ce shi ma yanzu ya ga bai kamata ya riƙa zuba irin wannan zance a ko'ina ba. Na ce masa shi ya faɗi tasa cikakkiya, ni na gutsure ta. Har gobe ban raina aikinsu ba. Ina jin ana ci gaba da binciken tsirran nan da garkuwar jiki, ina kuma roƙon Allah ya sa wata rana a fitar da magani daga ciki, mai awo, wanda aka gwada a jikin mutane, likita ya rubuta da hannunsa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mai ciwo a tsorace yake zuwa, kuma mai tsoro a cikin magana goma ɗaya yake ɗauka, wadda ta fi masa sauƙi. Ya fi sakin jiki da ku a kan likita, don ku kuke zama kusa da shi a benci. Zai dube ku da idon da zai sa ku ji dole ku ce wani abu. In abin da kuka sani rabi ne, kada ku ba shi. Ku riƙe masa hannu, ku zauna da shi har rawar jikin ta lafa, sannan ku tabbatar ya shiga motar da aka ce ya shiga.